Mai Gilashin Bayan Coci

Ajiye wayar nan ki ɗauki biro, jikata uwar ɗakina. 'Ya'yan Mai Gilashi sun ce in ba su labarin babansu a rubuce, wai ni na fi kowa daɗewa da shi, ni kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba. Abin da na faɗa shi za ki sa. Kada ki gyara min magana irin ta 'yan makaranta.

Ni ne maigadin tsohon cocin nan na tsakiyar gari, tun ina da ƙarfina har gwiwa ta ce ta gaji. Ni ke buɗe ƙofa, ni ke buga ƙararrawa, ni ke korar awaki daga farfajiya. Shi kuma marigayi Mai Gilashi shagonsa na layin baya, a tsallaken titi, yana kallon bayan cocin. Ba ɗan cocinmu ba ne, masallacinsa na can ƙarshen layi. Ni in na buga ƙararrawa sai ya ce na hana shi jin rediyo, shi in ya fita da asuba yana kakkaɓe takalmi sai in ce ya hana ni barci. Haka muka tsufa.

Wanda bai san cocin ba bari in kwatanta masa. Ginin dutse ne, ba bulo ba, jan dutse da aka sassaƙa ɗaya bayan ɗaya. Kaurin bangon ya kai mutum ya zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. A ciki akwai ginshiƙai sahu biyu, an haɗa kawunansu da baka mai tsini a sama. Rufin na baƙin katako ne, in ka ɗaga kai sai ka ce jirgin ruwa aka kifa maka. Babbar ƙofa an sassaƙa mata ganyen inabi daga sama har ƙasa, amma na ƙasan hannun mutane ya shafe su sun yi sumul. Daɓen tsakiya ma ya lotsa saboda tafiya. Duk wannan baƙi suna zuwa su ɗauka a hoto, amma abin da ya fi tsayar da su ita ce doguwar tagar da ke bayan bagade, wato can gaba inda kowa ke fuskanta in ana sujada.

Tagar nan hawa uku ce. Na sama mai tsini ne, sararin sama ne da farar kurciya. Na ƙasa kwanduna ne da kifi. Na tsakiya shi ne babba: Yesu a tsaye da jan mayafi yana miƙa wa mutane burodi, ga wata mata ta tara hannu, ga wani tsoho da sanda, ga taron kawuna a bayansu. Ba fenti aka yi a kan gilashi guda ba. Ƙananan gilasai ne masu launi, kowanne an yanka shi daidai wurinsa, aka haɗa su da zirin dalma, sannan aka zana idanu da yatsu da ninkin tufafi da wani baƙin fenti. Tana gabas, saboda haka da safe in rana ta bugo ta, ja da shuɗi su zubo har kan bencinan gaba.

Bayan wannan tagar ce ke kallon shagon Mai Gilashi.

Shi ya zo layin nan ne wajen kawunsa, wanda ya fara buɗe shagon. Da kawun ya rasu ya gaje shi. Aikinsa luba ta taga, madubin masu aski, gilashin kabad na amare, da na teburin masu sayar da agogo. Siriri ne, dogo, ba ya son hayaniya. Yatsunsa duk tabo ne, har ya kan ce in ya taɓa tuwo ba ya jin zafinsa sai ya kai baki. In zai yanka gilashi sai ya tsoma bakin abin yankan a kananzir, ya ja sau ɗaya, ƙiiii, ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashin ya rabu kamar dama can biyu ne. Ba ya maimaita layi. In ka yi masa magana yana cikin ja, ba zai amsa ba, in ya gama kuma zai tambaye ka ko gidanku ba a koya maka haƙuri ba.

Yana da wata al'ada. Ranakun da mawaƙanmu ke koyon waƙa da yamma, ni ke kunna fitilun ciki. To da zarar ya dawo daga sallar magariba sai ya jawo bencinsa bakin shago ya zauna. Da rana in ka kalli tagar daga titi baƙa ce ƙirin, ba ka ganin komai sai zanen dalma. Amma in an kunna wuta a ciki, gari ya fara duhu, sai hoton ya fito wa mutanen titi. Shi yake kallo. Wani lokaci in na makara sai ya ɗago murya daga tsallake.

"Sarkin ƙofa! Yau ba a biya ku ba ne? Kunna mana."

"Ka shigo ciki mana ka gani da kyau," in ce masa.

"Me zan shigo in yi? Ga shi ana kawo min har ƙofar shago."

Ba wai ƙyama yake ba. Ya sha shigowa farfajiya ya sa wa ofishin Fada luba, Fada shi ne limamin cocinmu. Cikin cocin ne dai babu abin da ya taɓa kai shi. Na taɓa tambayarsa me yake gani a tagar da ba ya gajiya. Ya ce shi jan nan yake kallo, duk shekarunsa na yankan gilashi bai taɓa riƙe ja irinsa ba. Kuma wanda ya yanka gefen mayafin nan a lanƙwashe bai fasa ba, ya so a ce ya ga hannunsa.

Wata shekara, ƙarshen damina, aka yi wata iska da la'asar. Ta ciro fallen kwano daga rumfar masu gyaran babur ta maka shi a tagar. Na sama da na ƙasa suka tsira. Na tsakiya ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo ciki, bayan bagade. Ina cikin rufe tagogi na ji ƙarar. Da na je na tarar da shi a ƙasa, dalmar ta murɗe, gilasai sun watse har ƙarƙashin benci. Kafin in gama salati irin namu sai ga Mai Gilashi a bakin ƙaramar ƙofar baya, jiƙe sharkaf, bai shigo ba, yana ta ɗaga min hannu.

"Kada a share! Ka ji ko? Duk wanda ya ɗauko tsintsiya ka karya masa hannu. Tsince min su, har wanda bai kai farce ba."

Na tsince su a cikin kwanon wanki da bokiti. Kafinta ya zo ya rufe ramin da fallen kwano ta waje, cocin ya yi duhu kamar sito.

Sai kwamiti ya zauna. Shugabansu, da muke kira Ciyaman, tsohon ɗan kwangilar gini ne, kuma ba mugun mutum ba ne, a rubuta wannan. Shi dai abin da ya sani shi ne ruwa ba ya wasa da gini. Ya ce masu irin wannan aikin sun mutu ko sun koma ƙasarsu, a toshe wurin da bulo mai huda-huda, iska ta shiga, a huta. Da yawa suka ce haka ne. Ni na kai wa Mai Gilashi labari. Ya ce in kai shi wajen Fada.

Fada ya tambaye shi, "Baba, ka taɓa yin irin wannan?"

Ya ce, "Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To ta yaya za ka san inda kowane guntu yake? Hoton da muke da shi ya dushe, ba a ganin komai."

"Na san shi. Na fi masu shi kallonsa."

Ciyaman ya yi dariya ya ce shi ba ya hana mutum gwada sa'arsa. Amma ga sharaɗi: in hadarin damina mai zuwa ya fara haɗuwa ba a ga taga ba, zai kawo magina, kuma kada kowa ya zo masa da kuka. Aka tsaya a kan haka.

Mai Gilashi ya share babban teburinsa na cikin shago, ya shiga gida ya ɗauko farin zanen gadon maiɗakinsa ya shimfiɗa, don launi ya fito. Ta biyo shi har shago.

"Malam, zanen nawa na baƙi?"

"Aro na yi."

"Aro? Kai da ka ari tukunyata tun bara, yau ina take?"

Tukunyar ba ta koma ba, zanen ma haka.

Dalmar tsohuwa ta ruɓe, wani wurin da yatsa ma tana marmashewa. Ya je wajen mai gyaran lagireton mota ya zauna kamar ɗan koyo, da furfurarsa, ya koyi yadda ake liƙi. Maƙeri ya yi masa wani ƙarfe mai kwari biyu da yake zuba narkakkiyar dalma ta fito ziri mai baki hagu da dama, inda gilashi zai shiga. Na farko-farkon duk sun lalace. Wani ya yi kauri, wani ya tsinke. Ya ƙone a hannu ba sau ɗaya ba. Wani maƙwabcinsa mai sayar da taya ya ce masa, "Yanzu kai da girmanka hoton coci kake haɗawa?" Ya ce, "Ni gilashi nake haɗawa. In naka ya fashe kawo, ba zan tambaye ka inda kake salla ba."

Haɗa guntayen shi ya fi cin lokaci. Zai ɗauki guda ya ɗaga a hasken ƙofa, ya juya shi, ya rufe ido, sannan ya ajiye shi a wani wuri a kan zanen. Wani guntun sai ya yi kwanaki a gefe bai san gidansa ba. Ni in na sami sarari sai in tsallaka in zauna.

"Wannan na gemun tsohon ne," in ce.

"Gemun kakanka. Wannan gajimare ne. Kai da kake kwana da shi ba ka san tsohon ba shi da farin gemu ba?"

Gaskiyarsa. Ni kullum ina ciki, amma ina duban ƙura ne da kashin tattabaru.

Waɗanda suka fashe biyu ko uku ya haɗa su da siririyar dalma. Waɗanda suka zama gari ba yadda za a yi, sai nema. Shuɗi ya samo a ƙofar wani tsohon otal da ake rushewa. Kore ya ciro daga wata kabad ta surukarsa, ban san me ya gaya mata ba. Jan mayafin kuwa Allah ya taimaka babu wanda ya ɓata, don ya ce da ya ɓata da sai dai a haƙura.

Akwai abin da ya lura da shi tun farko. Kowane guntu fuska ɗaya santsi ce tana ƙyalli, ɗayar kuma garas-garas, nan ne baƙin fentin yake. Da ya jera su yadda idonsa ya san hoton, Mai rabon burodi a hagu, jama'a a dama, sai duk fuskokin santsin suka kallo sama. Ya ce to ai shi ke nan, mai ƙyallin ita ce gaba. A sana'arsa gilashin taga ba shi da gaba ba shi da baya, duk yadda ka kafa shi daidai ne. Madubi kaɗai ke da baya, shi ma mai ƙyallin ake nuna wa mutane.

Zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa, sannan Mai Gilashi ya gama aikin. Ciyaman kuwa bai jira ba, ya riga ya sa an sauke bulo a farfajiya, ya ce ko da wani abu. Kafinta ya ɗaure katakai a bayan bagade ya yi mana abin hawa. Ranar nan ce Mai Gilashi ya fara taka cikin cocin. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, na ce ba a cirewa, ya ce ƙafarsa ce. Bai ga komai ba don duhu, kwanon nan na rufe da ramin ta waje. Muka ɗauko aikin a kan faffaɗan katako, ni da shi da kafinta, kamar masu ɗaukar mara lafiya. Muka hau. Ya tsayar da shi a ramin, fuskar da ya sani tana kallonsa, ya shiga daidai kamar an gwada. Ya ɗaure shi da waya a jikin sandunan ƙarfen da ke gicciye, ya bi gefe da foti, wannan ƙullin da ake liƙe gilashi da shi. Ya ce a bar kwanon waje tukuna kada rana ta busar da fotin da gaggawa, a cire ranar Lahadi da sassafe.

Ranar Lahadi kafinta ya cire kwano tun rana ba ta hau ba. Coci ya cika, har waɗanda ba su zuwa sai ranar biki sun zo. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ana cikin waƙar farko rana ta kai tagar, launi ya zubo, na ji mutane sun yi wani irin numfashi gaba ɗaya. Wasu mata suka fara guɗa. Ciyaman da kansa na ga yana gyaɗa kai.

Sai na ji waƙa ta rage ƙarfi. Akwai wata dattijuwa da ke jan mawaƙa, Uwar Mawaƙa muke ce mata, tun tana budurwa take tsayawa a wuri ɗaya tana fuskantar tagar nan. Ita ce ta yi shiru, na bayanta suka bi ta. Ta nuna da yatsa, ta faɗa da muryar da har ni a ƙofa na ji.

"Fada, da hagu yake ba su."

Kowa ya ɗaga kai. Haka ne kuwa. Ga Yesu yana miƙa wa matar nan burodi da hannun hagu. Dā yana dama yana fuskantar hagu, yanzu ya koma ɗaya gefen. Wani ya tuntsire da dariya a baya, matarsa ta mintsine shi. Fada ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba da sujada. Aka ci gaba, amma ba wanda hankalinsa ke kan wa'azi.

Ana tashi na tsallaka. Na sami Mai Gilashi a bakin shago ya sa sabuwar riga, yana jiran labari. Daga inda yake, da rana, baƙin gilashi kawai yake gani.

"Yaya, sarkin ƙofa? Sun gani?"

"Sun gani. Taso mu je."

"Wani abu ya faɗo?"

"Babu abin da ya faɗo. Taso dai."

Muka shiga, 'yan kwamiti na tsaye a gaba da Fada da Uwar Mawaƙa. Ya tsaya a tsakiyar daɓe ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. A fuskarsa na ga bai ga laifin komai ba, don haka ya san hoton duk rayuwarsa. Sai Uwar Mawaƙa ta ce, "Malam, sannu da aiki, ka yi ƙoƙari. Amma a gidanku da wane hannu ake ba baƙo abinci?"

Ya sake dubawa. Ya ɗaga hannunsa na dama ya kalla, ya juya ya ba tagar baya, ya sake juyowa. Sannan ya dafa benci ya zauna.

"Ashe ni baya nake kallo," ya ce. "Duk shekarun nan bayanta nake kallo."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Wani ɗan kwamiti ya ce a bar shi haka mana, wa zai lura, baƙi ba su san yadda yake dā ba. Uwar Mawaƙa ta ce ita ta sani, kuma ba za ta buɗe baki ta yi waƙa tana kallon ana ba mutane abinci da hagu ba, sai dai a nemi wata. Fada ya zagaya waje, ya sa aka riƙe masa tsani ya hau da rigarsa ta sujada. Ya dawo yana nuna mana ɗan yatsansa, baƙi a jiki. Ya ce fentin idanu da yatsu yanzu yana waje, kuma ya tsufa, da taɓawa ma yana fita. In ruwa ya yi ta dukansa, za a wayi gari mutanen tagar ba su da fuska.

Ciyaman ya ce, "To kun ji. A bar shi, ruwa ya wanke. A cire shi, ya wargaje, don abin da aka liƙa ba ya fita lafiya. Ni na gaya muku tun farko. Ga bulo can, gobe magina za su zo."

Mai Gilashi ya miƙe. "Ranka ya daɗe, fotin bai gama kamawa ba. In aka ƙara kwana biyu ya zama dutse, amma yau wuƙa za ta shige shi. A ba ni yau."

"In ya fashe fa?"

"In ya fashe ni zan miƙa wa maginanka bulo."

Ciyaman ya kalli Fada, Fada ya kalli sama. Ciyaman ya ce to, amma shi zai zauna a nan ya gani da idonsa, kuma abin da zai duba ɗaya ne, ko ruwa zai shiga ko ba zai shiga ba.

Abin hawan ba a kwance shi ba, an dai ja shi gefe. Muka mayar. Mai Gilashi ya aika gida aka kawo masa wuƙar cin abinci, ya goga ta a dutsen bakin ƙofa har ta yi siririya kamar ganye. Ya cire sabuwar rigar ya ba ni. Ya sa kafinta ya yanko faffaɗan katako biyu daidai girman aikin. Ya hau ya fara sakatar fotin kaɗan-kaɗan, yana tarawa a tafin hannu. In hannunsa ya daɗe a sama yakan sauke shi ya huta, ya ci gaba. Mutane sun ƙi tafiya gida. Uwar Mawaƙa ta zauna a bencin gaba ta rungume jakarta. Maiɗakinsa ma ta ji labari ta zo ta tsaya a bakin ƙofar baya.

Rana ta bar tagar, ta koma ɗaya gefen ginin, yana nan yana sakata. Can hadari ya fara haɗuwa. Ciyaman ya fita ya duba sama ya dawo.

Da Mai Gilashi ya kwance wayoyin sai ya ce in hau. Kafinta na waje a kan tsani ya manna katako ɗaya ta can, mu muka manna ɗaya ta ciki. Ya ce, "Sarkin ƙofa, kada ka ja, kada ka tura. Ka bi ni kawai. In ka ji atishawa, haɗiye ta." Muka kwanto shi a hankali, a hankali, har ya kwanta a kan katakon. Aka miƙo ɗayan aka rufa a kai, aka ɗaure su da igiya. Muka juya shi kamar ana juya katifa. Duk wannan lafiya.

Wajen mayarwa ne. Gindin ya shiga, gefen dama ya shiga, na hagu ya ɗan cije. Mai Gilashi ya sa tafin hannu ya danna kaɗan. Sai muka ji ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, amma cocin ya yi tsit har Ciyaman ya ji daga ƙasa. Ya miƙe tsaye.

"Mene ne wannan?"

Mai Gilashi bai ɓoye ba. "Hannun rigar matar ne, ranka ya daɗe. Ya tsage daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Bai fita daga dalmarsa ba."

"Ai na ce ba ya fita lafiya."

"Ka faɗa."

Mai Gilashi ya ɗaure wayoyin, ya mayar da foti, sannan ya yanko siririn zirin dalma ya shafa masa foti ya kwantar a kan tsagar, ciki da waje, ya liƙe bakinsa da na kusa. Sannan ya sauko. Ciyaman ya ce a kawo masa buta. Ya tattare babbar rigarsa, da tumbinsa da komai, ya hau tsanin waje da kansa. Ya ce Fada ya hau ta ciki ya sa hannu. Ya tsiyaya ruwa a kan tsagar, ya bi gefe-gefe, ya sa aka sake ciko butar ya ƙara.

"Fada, ka ji danshi?"

"Babu."

"Duba ƙasan, wajen kusurwa."

"A bushe yake."

Ciyaman ya sauko yana haki, ya miƙa min butar. Ya ce, "Gobe magina su zo duk da haka. Katangar bayan banɗaki ta daɗe tana neman faɗuwa." Uwar Mawaƙa ta tashi ta matso, ta kalli tagar, duk da ba rana a jikinta ana iya gane hannun. Ta ce, "Yawwa. Yanzu ya yi hankali." Fada ya ce, "Mama!" Ta ce ita da Mai Gilashi take.

Ruwan bai sauko ranar ba, iska ce kawai ta yi ta watse. Sai tsakiyar mako aka yi na gaske, tun hantsi har azahar, irin mai bugowa daga gabas. Da ya ɗauke na ɗauki tsani na hau na shafa dutsen ƙasan tagar da hannuna, na shafa gefe. Ƙura ce kawai ta biyo ni. Na tsallaka titi, ruwa har idon sawu, in gaya wa Mai Gilashi. Na tarar ya shimfiɗa madubin wani mai aski a kan tebur, ya tsoma abin yankan a kananzir. Na tsaya sai da ya ja layinsa ya gama, sannan na ce ko ɗigo bai shiga ba.

Bai ɗago ba. Ya ce, "To. Goge hannunka ka riƙe min nan."